Kafin a ce tsufa ne: yadda hali da damuwa ke taɓa kaifin ƙwaƙwalwa

Kawuna ya fi shekara talatin yana sayen hatsi a kasuwannin ƙauye yana kaiwa Gusau, kuma ban taɓa ganinsa da littafin lissafi ba. Buhun gero nawa ya ba wane bashi, nawa aka biya, nawa ya saura, duk a ka yake riƙe da su. In dillali ya so ya yi masa kwana, sai ya tuna masa ranar da aka yi cinikin, da inuwar da suka tsaya, da wanda ya shaida. Shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu, ya kwaso iyali ya kama hayar ɗaki biyu a bayan garin Gusau, su goma sha ɗaya. Kafin damina ta zagayo, mutumin nan ya fara ajiye kuɗi ya manta inda ya sa. Ya tambaye ka abu, ka ba shi amsa, an jima kaɗan ya sake tambaya. A sallah sai ya rasa raka'a nawa ya yi. Matarsa ta ce, "Ai Malam tsufa ne ya zo." Shi kansa ya yarda. Ya ce mini, "Ɗana, kan nan ya ƙare." Shekarunsa 58 a lokacin.

Mu Hausawa muna da saurin jingina mantuwa ga shekaru, kuma akwai gaskiya a ciki. Alƙur'ani da kansa, a Suratun Nahl aya ta 70, ya ambaci wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Amma tsufa ba ya dira a kan mutum cikin wata takwas. Ruwa ba ya tsami banza, kuma abin da ya tsamar da na kawu yana cikin abin da masana halayyar ɗan Adam suka daɗe suna bincike a kai: ina alaƙar halin mutum, da yanayin da zuciyarsa ke ciki, da aikin ƙwaƙwalwarsa, tun daga samartaka har furfura.

Sai mun fara raba abin da shekaru ke ci da abin da suke bari. Tun daga shekarun 1940 zuwa na 1960 wani masani, Raymond Cattell, da ɗalibinsa John Horn suka nuna cewa basira iri biyu ce. Akwai ta warware sabuwar matsala nan take, wadda ba ka taɓa gani ba, da saurin kama abu da juya shi. Akwai kuma wadda aka tara a rumbu: kalmomi, sanin sana'a, sanin mutane, sanin yadda al'amura ke ƙarewa. Ta farkon tana kai ƙololuwa tun mutum yana matashi, sannan ta riƙa sauka a hankali. Ta biyun tana ci gaba da ƙaruwa har shekara sittin da wani abu. Yaron da ke zaune a rumfar POS yana danna lambobi yana amsa waya yana ba da canji a lokaci guda, ta farkon ce ke yi masa aiki. Dattijon da ake ɗaukowa in rikicin iyakar gona ya tashi, ya ce wancan marken kakan wane ne ya bar shi shaida, ta biyun ce. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma ka ba su sabuwar waya su biyu ka ga wanda zai riga gane ta.

Yaushe saukar take farawa? A nan masanan kansu ba su sha inuwa ɗaya ba. Timothy Salthouse na Jami'ar Birjiniya a Amurka ya ce saurin tunani yana fara raguwa tun mutum yana cikin shekarunsa na ashirin zuwa talatin. K. Warner Schaie, wanda ya fara bin wasu mutane a birnin Seattle tun 1956 yana sake gwada su duk bayan shekara bakwai, ya ga yawancin fannoni ba sa raguwa ta a-zo-a-gani kafin shekara 60. Wani bincike kan ma'aikatan gwamnati a Landan, da aka buga a 2012, ya hango raguwar tun daga shekara 45. Saɓanin ya samo asali ne daga yadda ake awon. In ka je Kauran Namoda yau ka gwada ɗan shekara 70 da ɗan 25, dattijon ya riga ya girma kafin shirin ilimin firamare kyauta na 1976, mai yiwuwa bai taɓa riƙe fensir ba, don haka tazarar da za ka gani ba ta shekaru ce zalla ba. In kuma mutum ɗaya kake ta gwadawa, zai saba da jarrabawar, sabon ya rufe raguwar. Duk da haka sun haɗu a kan abu ɗaya: saukar a hankali take, kamar zaizayar bakin gulbi, kuma mutane sun sha bamban ƙwarai. Wani ɗan 80 ya fi wani ɗan 55 kaifi. Neman dalilin wannan bambanci ne ya kai masana ga hali.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi ya kasa halin mutum gida biyar, kuma sunayen Paul Costa da Robert McCrae ne suka fi fitowa a kansa. Akwai son sani da buɗe kai ga sabon abu. Akwai tsari da cika aiki, irin mutumin da ba ya saɓa lokaci kuma ba ya barin aiki rabi. Akwai son shiga jama'a, akwai sauƙin kai da daɗin zama, sai kuma saurin shiga damuwa, wato wanda ƙaramin abu ke hana shi barci. Kowanne sikeli ne, kowa yana da nasa nauyin a kai. Muna cewa hali zanen dutse, kuma lalle wanda ya fi sa'o'insa tsari yana ɗan talatin yawanci shi ne zai fi su yana ɗan sittin. Sai dai dutsen kansa yana motsi. Brent Roberts da abokan aikinsa sun tattara bincike masu yawa a 2006 suka ga cewa mutane suna ƙara tsari da natsuwa yayin da suke girma, musamman tsakanin shekara 20 da 40, lokacin aure da ɗaukar nauyi. Iyayenmu da ke cewa a yi masa aure zai natsu ba su yi ƙarya duka ba, ko da yake mun ga waɗanda auren bai natsar ba.

A 2011 Andrea Soubelet da Salthouse suka gwada mutum 2,317, daga ɗan shekara 18 har ɗan 96, suka auna halinsu da basirarsu. Son sani ne ya fi kowane hali tafiya tare da kaifin ƙwaƙwalwa. Sauran huɗun alaƙarsu ƙarama ce, kuma da wasu fannoni kawai. Abin da ya fi jan hankalina shi ne alaƙar ba ta canza da shekaru ba: yadda take ga matasa haka take ga masu matsakaicin shekaru, haka ga tsofaffi. Ke nan ba wani hali da ke jira sai an tsufa ya fara aiki.

Ni dai ina ɗaukar wannan sakamako na son sani da taka-tsantsan. Wasu daga cikin tambayoyin da ake auna shi da su suna tambayar mutum ne ko yana da yawan kalmomi, ko yana saurin gane abu. Ka tambayi mai basira ko yana da basira, ya ce e, sannan ka gwada shi ka ce ka gano alaƙa. Ban da haka, ba a san wanda ya haifi wani ba ta hanyar awo ɗaya. Mai son sani yana yawan tambaya da karatu, rumbunsa ya cika. Wanda karatu ke zo masa da sauƙi kuma shi ne zai so shi. Duk wanda ya zauna a makarantar zaure ya san ɗalibin da ke tsayar da malam da "Allah gafarta Malam, me ya sa?", ya kuma san cewa bayan shekara ashirin shi ne ke zaune a kan buzun. Ko tambayar ce ta kaifafa shi, ko kaifin ne ya sa shi tambaya, abu biyun suna ciyar da juna.

Tsari da cika aiki labarinsa daban ne, kuma ya fi ban mamaki. In ka gwada mutane yau, mai tsari bai cika fin marar tsari maki ba. Amfaninsa sai an yi doguwar tafiya yake bayyana. Robert Wilson da abokansa a Shikago sun bi limaman coci da mata masu zaman zuhudu na ɗarikar Katolika su 997 har tsawon shekara 12, cikinsu 176 suka kamu da cutar Alzheimer, wadda ita ce kan gaba wajen kawo abin da muke kira gigin tsufa. A sakamakon da suka buga a 2007, waɗanda ke can sama a sikelin tsari haɗarin kamuwarsu ya gaza na waɗanda ke can ƙasa da kashi 89 cikin ɗari. Mutanen nan sun amince a duba ƙwaƙwalwarsu bayan sun mutu, kuma da aka duba, tabon cutar a ƙwaƙwalwar masu tsari bai gaza na sauran ba. Ɓarnar iri ɗaya, amma wasu sun fi jure ta. Wani dogon bincike a Baltimore, da Antonio Terracciano ya jagoranci nazarinsa a 2014, ya sami abu mai kama da haka. Wani ɓangare na dalilin a fili yake. Mai tsari shi ne wanda in likita ya ce ya sha maganin hawan jini kullum zai sha kullum, ba sai ranar da kansa ya yi ciwo ba. Shi ne ba ya shan taba, yake kwanciya da wuri, yake komawa asibiti ranar da aka ce. Hawan jini da ciwon suga suna lalata ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa shiru-shiru, shekara da shekaru. Sai a tuna kuma cewa waɗannan limaman rayuwarsu kusan iri ɗaya ce, da abinci da asibiti a hannu. Tsarin manomin Maradun ba zai sayo masa maganin da babu a garinsu ba.

Yanzu mu zo kan damuwa, inda maganar kawu take.

Ka ɗauki ƙwaƙwalwa kamar almajiri da allonsa. Haddar da ya yi tana nan a ajiye, mai yawa. Allon kuwa ƙarami ne, abin da yake aiki a kai yanzu kawai yake ɗauka, sai an wanke a sake rubutu. Alan Baddeley da Graham Hitch sun bayyana wannan ƙaramin wurin aiki na ƙwaƙwalwa a 1974. A kansa kake riƙe farashin tiya yayin da kake ninka shi sau arba'in, a kansa kake riƙe raka'ar da kake ciki. Abubuwa kaɗan yake ɗauka a lokaci guda, kuma da shekaru yana ɗan ƙara tsukewa. To zullumi rubutu ne, kuma a kan wannan allon yake zama. Mutumin da rabin allonsa ke cike da ina za a sami kuɗin haya, su wa suka kwana a gonata, ko yaran da aka bari a ƙauye suna lafiya, da sauran rabin yake lissafi. Abin da bai hau allo da kyau ba kuwa ba zai shiga hadda ba. Yawancin abin da kawu ke cewa ya manta, tun farko bai shiga ba. Lokacin da yake tura kuɗin ƙarƙashin katifa hannunsa ne kawai ke wurin. Michael Eysenck da abokansa sun nuna cewa mai fargaba yakan iya kai wa ga amsa daidai, amma da ƙarin wahala da ƙarin lokaci, kuma in aikin ya yi nauyi sai ya rushe.

Malamanmu na fiƙihu sun san wannan tun da daɗewa. Hadisin Abu Bakrata da ke cikin Bukhari da Muslim ya hana alƙali yanke hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi, malamai kuma suka yi ƙiyasin yunwa mai tsanani da ƙishirwa da gyangyaɗi da baƙin ciki a kai. Ba a ce ilimin alƙalin ya ragu ba. An dai san cewa a wannan sa'ar ba zai iya kai hannu gare shi yadda ya kamata ba.

Akwai wani bincike da duk manomin Bakalori zai gane ba sai an yi masa dogon bayani ba. A 2013 Anandi Mani, Sendhil Mullainathan, Eldar Shafir da Jiaying Zhao suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya. Mutum ɗaya, gwaji biyu: kafin girbi, lokacin da bashi ya yi masa katutu, da bayan girbi, kuɗi a hannu. Makinsu ya fi kyau bayan girbi. Ƙwaƙwalwar ba ta canza cikin 'yan watanni ba, abin da ke kan allon ne ya canza. Gaskiya wani gwajin da aka yi a Amurka a 2016, kafin ranar albashi da bayanta, bai ga irin wannan bambanci ba, don haka ba doka ce da ke aiki ko'ina ba. Amma wanda ya ga magidanci a tsakiyar watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, bashin taki na wuya, sabon hatsi bai nuna ba, ya sake ganinsa da kaka, ya san kamar mutum biyu ya gani. A wasu yankunan Zamfara ma kakar ba ta kawo sauƙin, don sai an tara wa 'yan bindiga kuɗi kafin a bari a girbe.

Wannan duk na ɗan lokaci ne, in damuwar ta sauka allon ya wanku. Tambaya mai nauyi ita ce me ke faruwa in ba ta sauka ba, shekara biyar, shekara goma. In mutum ya tsorata jiki yana sakin wani sinadari, kotisol, wanda ke shirya shi gudu ko faɗa. Wani sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfus, wanda shi ne ƙofar shigar sabon abu cikin hadda, yana da saurin jin wannan sinadari. Sonia Lupien a Kanada ta nuna a 1998 cewa tsofaffin da kotisol ɗinsu ya daɗe yana sama wannan sashe nasu ya fi ƙanƙanta, kuma sun fi mantuwa. Wilson ɗin nan na Shikago ya gano a 2003 cewa masu saurin shiga damuwa haɗarin kamuwarsu da Alzheimer ya ninka na masu sanyin rai. Ga kuma barci. Cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke kwashe abin da aka koya da rana ta adana. Mutumin da ya shekara yana kwana da kunne ɗaya a buɗe, yana sauraron ƙarar babur, ko ba a auna kotisol ɗinsa ba an san abin da ya rasa.

Ciwon damuwa, wanda ya wuce ɓacin rai na kwana biyu, shi ne ya fi iya shigar burtu. Yana rage saurin tunani, ya kashe sha'awa, ya hana mai da hankali, har tsoho ya yi kama da mai gigin tsufa sak. Wani likita, Leslie Kiloh, ya yi rubutu a kan wannan kamanni tun 1961, don an sha ɗaukar masu ciwon da ke warkewa a matsayin masu wanda ba ya warkewa. Likitoci suna da 'yan alamu da suke dubawa, ko da yake ba su yanke hukunci su kaɗai. Mai ciwon damuwa shi ke kai ƙarar kansa, yana cewa kaina ya ƙare, in ka tambaye shi abu ya ce ban sani ba tun bai gwada ba, kuma iyali za su iya nuna watan da abin ya fara. Mai gigin tsufa sau da yawa bai ga matsala ba, zai ba ka amsa da ƙarfin gwiwa ko da ba daidai ba ce, iyali ne ke damuwa, kuma ba wanda zai ce ga ranar da ya soma. Bincike da dama sun nuna cewa yawan kukan mantuwa ya fi bin yanayin zuciya fiye da ainihin makin da mutum ke ci a gwaji.

Kada a ce wannan ciwon Turawa ne. Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya binciki tsofaffi sama da dubu biyu, 'yan shekara 65 zuwa sama, a yankin Yarbawa, ya buga a 2007 cewa kusan kashi 26 cikin ɗari sun taɓa yin ciwon damuwa mai tsanani a rayuwarsu, kashi 7 kuma a cikin shekarar da ta gabaci binciken. A wurinmu sai dai ba da wannan suna yake zuwa ba. Dattijo ba zai ce ina baƙin ciki ba, kada a ce bai yarda da ƙaddara ba. Zai ce jikina ya mutu, kaina na zafi, zuciyata na bugawa, abinci ba ya shiga. A kemis a ba shi maganin maleriya da na taifot, ya sha, ya dawo. Alhali Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riƙa neman tsari daga damuwa da baƙin ciki a addu'arsa, ya kuma nemi tsari daga a mayar da shi mafi ƙasƙancin rayuwa. Abin da aka nemi tsari daga gare shi ba abin kunyar faɗa ba ne.

Sai dai akwai ƙulli a nan da bai kamata in ɓoye ba don labarin ya yi daɗi. Archana Singh-Manoux ta bi ma'aikatan Landan ɗin nan sama da dubu goma har shekara 28. A 2017 ta ba da rahoto cewa alamun ciwon damuwa a tsakiyar rayuwa ba su ƙara haɗarin gigin tsufa ba, amma waɗanda suka bayyana cikin shekaru goman da suka gabaci cutar suna da alaƙa da ita. Ma'ana, wani lokaci damuwar da ta zo wa tsoho sabuwa fil, ba tare da wani dalili ba, ita ce sallamar farko ta cutar. Wasu binciken kuma sun sami alaƙa har da ta tsakiyar rayuwa, shi ya sa kwamitin masana na mujallar Lancet ƙarƙashin Gill Livingston ya sa ciwon damuwa cikin abubuwa 14 da ya lissafa a 2024 waɗanda in an magance su za a iya kauce wa ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na gigin tsufa. Cikin jerin akwai hawan jini, ciwon suga, shan taba, raunin ji, raunin gani da kaɗaici. Don haka a yi maganin damuwar, sannan a ci gaba da sa ido. In zuciya ta warware mantuwar ba ta warware ba, a koma wurin likita.

Wani lokaci kuma hali da basira duka biyun wani abu na uku ne ya taɓa su, kuma mu a Zamfara muna da misali mai ciwo. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya Bagega, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu, Ƙungiyar Likitoci ta MSF ta yi wa dubbai magani. Waɗanda suka tsira yanzu samari ne da 'yan mata. A garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan an auna dalma a jinin yara suna shekara 11, aka sake duba su suna 38. Waɗanda dalmarsu ta fi yawa makin basirarsu ya fi ƙasa, sun kuma fi saurin damuwa da ƙarancin tsari. Dalmar da ke jinin yaran Dunedin ba ta kusa da wadda aka samu a Anka ba. In gobe aka ga wani matashi daga can mai saurin fushi, mai wuyar riƙe karatu, kafin a ce halinsa ne a tuna ƙasar da ya yi rarrafe a kai.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna da ma'aunin halin kansa. An gina shi ne a kan amsoshin Turawa masu karatu. Da Michael Gurven ya kai shi wurin mutanen Tsimane na ƙasar Bolibiya a 2013, gidajen biyar ba su fito yadda aka zata ba. Wani nazari na 2019 a kan ƙasashe masu tasowa fiye da ashirin ya ga irin wannan tangarɗa, musamman in wani ne ke karanta wa mutum tambayoyin baki da baki. Ka tambayi matar aure a Tsafe, gaban baƙo, ko tana da yawan magana a taro. Kunya ce za ta amsa maka. Mu kanmu muna da namu sikelin: haƙuri, kunya, amana, hankali, mutunci, waɗanda Anthony Kirk-Greene ya tattaro a bayaninsa na mutumin kirki a 1974, kuma ba su hau kan gidaje biyar ɗin nan daidai wa daida ba. Mafi muni, ka tambayi mutumin Zurmi ko Shinkafi ko yana yawan fargaba, ko ƙaramin motsi na firgita shi. Zai ce e, takarda ta rubuta shi mai saurin damuwa. Hanyar garinsu aka auna. Kawu kafin a tashe su mutum ne da ko buhu goma suka jiƙe sai ya ce Allah ya mayar da alheri ya ci tuwonsa.

Abin da gudun hijira ya ƙwace masa ba gona da rumbu kaɗai ba ne. Ya ƙwace majalisar da yake zama bayan la'asar shekara talatin, da kasuwar da ke sa shi lissafi kullum, da mutanen da ke zuwa neman shawararsa. Laura Carstensen ta Jami'ar Stanford ta nuna cewa a bisa galibi tsofaffi sun fi matasa kwanciyar rai, don suna taƙaita mu'amalarsu ga mutanen da suka fi muhimmanci gare su. Wannan gata yana tsaye ne a kan mutanen. In an watsa su, wani yana Gusau, wani yana Funtuwa, wani ya tsallaka Maraɗi, sai dattijo ya wuni a ƙofar gidan haya ba wanda ya san ko shi wane ne.

Da ƙyar muka shawo kansa ya je asibiti. Aka sami jininsa ya hau sosai. Likitan, Allah ya saka masa, bai tsaya nan ba, ya tambaye shi barci, ya tambaye shi abin da yake tunani in ya farka da tsakar dare. Kawu ya yi shiru ya daɗe, sannan ya yi maganar da ko mu bai taɓa yi wa ba. Aka ɗora shi a kan magani iri biyu, aka ce ya riƙa dawowa. Bayan 'yan watanni wani tsohon abokin cinikinsa ya ba shi gefen rumfa a kasuwa yana auna masa gero da dawa. Ba a dare ɗaya abin ya dawo ba, kuma bai dawo duka ba. Yanzu yana da 62, yana da ɗan littafi da jikansa ke rubuta masa bashi a ciki, abin da a da zai ɗauka zagi ne. In mutum uku suka yi masa magana lokaci guda sai ya ɗaga hannu ya ce ɗaya-ɗaya. Watan jiya yaron ya karanto masa cewa wata mai ƙosai tiya shida ake bin ta. Kawu ya ce bakwai ne, ta karɓi ɗaya ranar da aka yi ruwan nan da ya hana kasuwa ci, kai ba ka zo ba. Aka aika aka tambaye ta, ta ce bakwai ne.